Layinmu Ya Yi Faɗi

Asabar, da hantsi

Yaya ya zo ya tafi da Auta. Ya ce ni ma in haɗa kayana in bi su, na ce babu inda za ni. In aka sako Baban Auta ya dawo ya tarar da ƙofarsa a garƙame, da wane ido zan kalle shi? Yaya ya ce, "Ke dai taurin kan nan naki yana nan." Na ce yana nan, shi ba a kama shi ba tukuna. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Auta ta tsaya da jakarta a ƙofar Ƙawalliya, maƙwabciyata ta jikin katanga, tana jira a fito a sallame ta kamar kullum. Sai da Yaya ya ja hannunta.

Tunda duk layin nan babu mai magana da ni, zan yi da takarda.

Lahadi, bayan la'asar

Na wuni a bayan ƙyaure ina leƙen layi ta ramin makulli, kamar ɓarauniya a gidana. Bari in faɗi yadda layin yake, don na ga alama ni kaɗai nake ganinsa.

Layinmu ba ya ɓullewa. In ka shigo daga titi ka miƙe, katangar sito ce za ta tare ka, kuma gidanmu ne na ƙarshe a jikinta. A ƙofarmu Baban Auta yake kwantar da bas ɗin makaranta, da safe ya kwashi yaran layi ya wuce. Iyayen ne da bakinsu suka roƙe shi ya riƙa ɗaukar su a ƙofar gida, wai bakin titi da hatsari.

Lokacin da muka tare, layin nan fili ne. Yakan ja baya kaɗan zuwa gaban gidan Ciyaman, ya karya kan mota, ya fita da goshi kamar kowane direba. Sai aka fara ci. Mai Shago ne ya buɗe baki. Ya zuba matakala a cikin hanya, ya ɗora tebur, ya jera buhuna a gaban teburin. Tela ya ce ɗakinsa da zafi, ya kafa rumfar kwano, ƙafafunta na ƙarfe a tsakiyar hanya. Mai Walda bai gina komai ba, shi dai ya jingine ƙyamare da tagogi ya manta da su shekara da shekaru. Ciyaman kuwa, shugaban layi, mai tara mu yana wa'azin tsafta da zaman lafiya, ya sayo janareta mai girman saniya ya yi masa keji a waje, daidai inda mota take juyawa, don kada ƙara ta hana iyalinsa barci. Mu ta hana mu, wannan ba komai.

Kowa taku ɗaya ya ci. Kowa ya ce, "Ɗan wannan ai ba zai hana komai ba." Da aka gama, bas ta daina juyawa. Kowace safiya da baya-baya Baban Auta yake fita, tun daga ƙofarmu har titi. In ya zo tsakanin kejin Ciyaman da ƙafar rumfar Tela, sai ya sauka ya naɗe madubai biyu, in ba haka ba ƙarfe ya tarwatsa su. Ya yi magana a taro har bakinsa ya gaji. Ladan da ya samu shi ne suna: Mai Ƙorafi.

Shagon yana daidai bayan wannan matsin, kuma nan yara suke rugawa sayen biskit kafin su shiga mota. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Litinin, da safe

Makaranta ta turo wata motar. Sabon direban ya leƙo layi, ya girgiza kai, ya tsaya a bakin titi ya danna oda. Sai ga iyaye mata suna fitowa riƙe da hannun 'ya'yansu, suna raka su har mota. Ashe suna da ƙafafu. Ashe titin ba shi da nisa.

Haushi ya hana ni shan shayin da na haɗa.

Talata, da safe

Talata ce, irin ranar da abin ya faru. Ban buɗe taga ba.

Laraba, da azahar

Na je wurinsa. Baban Auta ya rame a gidan yari, gemu ya fito masa fari-fari, ni ban ma san yana da furfura haka ba. Ya tambayi Auta, ya tambayi ko ina cin abinci, sannan ya ce:

"Yaya uwar yarinyar?"

Na ce ban gan ta ba.

"Wallahi ni ma ban ga yarinyar ba," ya ce. "Na duba kafin in naɗe madubi. Babu kowa. Na duba."

Na ce na sani.

"Na duba, Maman Auta."

Na ce na sani. Haka muka yi ta yi, shi yana faɗa ina amsawa, har gandiroba ya buga tebur.

Da na dawo sai da na ratsa layi tun daga titi har ƙarshe, don babu wata hanyar. Na yi sallama a shago, Mai Shago ya duƙa ƙarƙashin tebur yana neman abin da bai ɓata ba. Tela ya taka keke da ƙarfi, na kuwa ga babu ƙyalle a ƙarƙashin allurar. Matar Ciyaman ta janye jikarta ciki, sai ka ce ni na tuƙo motar zan bi ta kanta.

Alhamis, da hantsi

A katangar da ke tsakanina da Ƙawalliya akwai inda bulo ya zube, ba mu taɓa gyarawa ba, don nan ce kasuwarmu. Gishiri, ashana, mayafin fita unguwa, gulma mai zafi, duk ta nan suke bi. Ita ta riƙe ni ranar haihuwar Auta kafin a samo mota. Ni na yi wa 'yarta kitson farko, tana tsala ihu muna dariya.

Yanzu an rataya tabarma a wurin, daga ɓangarensu.

Ina jin motsinta. Ba ta kuka. Wanki take yi, tun safe har rana ta take, kullum, ban san abin da ya rage a gidan nan da ba a wanke ba. Ranar da abin ya faru na je gaisuwar rasuwar 'yarta, mijinta ya tare ni a ƙofa ya ce, "Ki yi haƙuri, Maman Auta, ba yau ba." Har yanzu yau ɗin bai zo ba.

Ita ba na jin haushinta. Ko gidan nan ta cinna wa wuta ba zan ce don me ba. Sauran ne suke ƙona mini rai, masu yi mini kallon hadarin kaji da tsabtatattun hannuwansu.

Juma'a, da yamma

Firji cike da ƙanƙara, babu mai ƙwanƙwasa ƙofa. A da ba na samun zama, wannan ya ce ruwan sanyi, wannan ya ce ƙanƙara, har in yi ta mita. Yau na ga matar Mai Walda ta tafi har tsallaken titi cikin ranar nan ta sayo. Allah ya sa ta narke mata a hanya.

Asabar, da sassafe

Ƙarar guduma ce ta tashe ni. Na leƙa, sai ga Tela a kan tsani yana cire kwanon rumfarsa.

Na daɗe a tsaye ban gaskata idona ba. Ya sauke kwanon, ya kira Mai Walda suka yanke ƙafafun ƙarfen daga tushe. Babu mai magana a cikinsu, ba sa ma kallon juna. Na ce a raina, ashe mutumin nan yana da zuciya. Ashe abin yana cin sa. Bai iya buɗe baki ya ce mun yi laifi ba, amma ga shi yana faɗa da guduma.

Na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun ranar. Da rana ta yi zafi na cika bokiti da ruwa da ƙanƙara na kai musu da kaina. Tela ya kalli bokitin, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai.

"Allah ya saka, Maman Auta," ya ce a hankali.

Magana ta farko ke nan da wani ya yi mini a layin nan tun bayan ranar.

Lahadi, bayan azahar

Yau kejin Ciyaman ne. An ɗaga janareta an shigar da shi cikin gida, maza suna nishi. Mai Shago ya sa an fasa matakalarsa, tebur ya koma ciki. Mai Walda ya kira mota ta kwashe ƙyamarensa, har da waɗanda tsatsa ta ci rabinsu. Leburori suka bi ramuka da siminti, suka watsa yashi a kai.

Na sake kai ruwa, har sau biyu. Na ce wa Ciyaman, "Baba, Allah ya ba da lada. Ko ba komai, wani yaron ya tsira." Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ai gyara ne, 'yata, gyara ne. Dama yana cikin tsari."

Da yamma na fito na tsaya a ƙofa. Daga nan har titi babu abin da ya tare ido. Iska ma ta shigo. Na ji zuciyata ta yi sanyi a kansu. Wataƙila na yi musu mugun zato. Zan gaya wa Baban Auta, zai ji daɗi.

Talata, da safe

Talata. Wanki ya fara tun kafin gari ya waye sosai.

Laraba, da azahar

Ofishin Lauya. Fanka tana juyi, takardu suna tashi yana danne su da kofi. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce yana da albishir.

"Na roƙi kotu ta je ta ga wurin da idonta, kuma an yarda. Alƙali da kansa zai zo, za a kawo motar a gwada. In ya ga babu wurin juyawa, ya ga dole sai an naɗe madubi, magana ta sauya. Ba ganganci ba ne ke nan, hanya ce. Duk abin da muke da shi ke nan, Hajiya, amma ya isa."

Na ce tun yaushe aka yarda?

Ya ce tun makon jiya. An ma sanar da shugaban layinku, don a gaya wa mutane kada kowa ya taɓa komai.

Na ce wace rana aka sanar da shi?

Ya duba ya ce Juma'a.

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Na yi ta yi, na riƙe ciki, har sakatariyarsa ta leƙo. Da na iya magana na gaya masa. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Kin ɗauki hoto kafin su rushe?"

Na ce a'a.

"Lokacin da suke rushewa fa?"

Na ce lokacin ina kai musu ruwan sanyi.

Laraba, bayan la'asar

Na bi hotunan wayata ɗaya bayan ɗaya. Auta a tsakar gida. Auta da kayan makaranta. Auta da yarinyar, sun haɗa kai suna gwalo. Wannan na kife wayar na daɗe kafin in ci gaba. Akwai guda da aka ɗauka a waje, amma fuskoki ne suka cika shi, sai ɗan gefen kwano a sama wanda zai iya zama kwanon ko'ina. Wa yake ɗaukar hoton layinsu? Kullum yana nan.

Bokiti biyu na kai ranar Lahadi. Har da kofuna.

Alhamis, da hantsi

Na fita ba mayafin kirki na tsaya a gaban Tela. Yanzu a cikin ɗakinsa yake ɗinki, gumi yana zuba masa.

Na ce, "Malam Tela, ina rumfarka?"

Ya ce, "Wace rumfa?"

Wallahi haka ya ce. Mutumin da na sha zama a inuwar rumfar nan ina jiran ya gama wa Auta riga. Na nuna masa sabon siminti a ƙasa, na ce wannan fa? Ya ce ramin ɓera ne aka toshe. Sannan ya rage murya.

"Maman Auta, ki ji tsoron Allah. An ce duk wanda aka samu a kan hanya za a haɗa da shi a shari'ar. Ina da iyali. Ni ban taka kowa ba."

Na ce shi ma yana da iyali, ga ta a gabanka.

Daga nan na wuce gidan Ciyaman. Bai bari na shiga ba, a ƙofa ya tsaya yana jan carbi. Ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce, kowa da tasa. Ya ce bai kamata mace mai hankali irina ta riƙa yawo tana ɗora wa mutane laifi ba, alhali an san wanda yake riƙe da sitiyari. Na ce, "Baba, a taro nawa Baban Auta ya roƙe ka ka cire kejin nan?" Ya ce shi tsufa ya kama shi, ba ya riƙe irin waɗannan abubuwa. Daga cikin gida ina jin janareta yana ruri, matarsa tana masifar ya hana ta jin rediyo.

Ko wannan bai sanyaya mini rai ba.

Asabar, da azahar

Na je wurinsa. Lauya ya riga ya gaya wa Baban Auta kotu za ta zo layi, bai gaya masa sauran ba. Ya bar mini.

Na same shi da haske a fuska. Har ya yi aski. Ya ce, "Kin gani? Da ma na ce in dai sun gani da idonsu, shi ke nan. Ki ce wa Auta ta kusa ganina. Ina so alƙalin ya zauna a kujerata, ya gwada wucewa tsakanin kejin nan da rumfa. Ko shi ba zai iya ba."

Na ce haka ne.

"Layi dai lafiya?"

Na ce lafiya lau.

Na buɗe baki sau uku in faɗa, na kasa. Ya ci abincin da na kai masa tas, rabon da ya yi haka tun kafin a kama shi. Na tsani kaina duk hanyar dawowa.

Lahadi, da yamma

Mutum ɗaya ce in ta yi magana alƙali zai saurara. Na san haka tun Laraba, ina ta kewaye-kewaye.

Na tsaya a jikin katanga, wurin tabarmar. Ina jin tana matse kaya. Na ce, "Ƙawalliya."

Ruwan ya tsaya.

Na ce ba gafara na zo nema ba, ba ni da bakin wannan. Na ce kin ga abin da suka yi wa layi. Na ce ke kin san yadda yake, kin sha tsayawa kina yi masa hannu in zai wuce matsin nan. Kalma ɗaya kawai, ki ce da keji, da rumfa.

Har na zaci ta shiga ɗaki. Sai na ji muryarta dab da tabarmar, ta dushe kamar ba tata ba.

"Na ji gudumarsu. Na san abin da suke yi tun ranar farko."

Na ce to.

"In na ce hanya ce ta kashe ta, wa zan tsana? Tela? Mai Shago, da ni na ba ta kuɗin biskit na ce ta yi sauri? Duk layin? A nan zan ci gaba da zama, Maman Auta. A shagon nan zan sayi sabulu. Mutum ɗaya nake iya ɗauka. Ki bar mini shi."

Na ce Auta fa?

Ta ce, "Auta tana numfashi."

Ruwa ya ci gaba da zuba. Wai "Maman Auta" ta ce da ni. Tunda muka san juna ba ta taɓa kirana haka ba.

Talata, da safe

Talata, kuma gobe ne. Matan layi sun fito da tsintsiya tun da sassafe, sun share tun daga titi har katangar sito, sun yayyafa ruwa. Har ƙofata suka share. An yi wa layi wanka, baƙi za su zo.

Laraba, bayan la'asar

Sun zo da hantsi. Motar alƙali, motar gidan yari, sai bas ɗin, wani ɗan sanda yana tuƙa ta. Ban ganta ba tun ranar. Har yanzu robar ruwan wani yaro tana kan kujerar baya.

Aka sauko da Baban Auta da ankwa. Ya ɗaga kai yana murmushi yana nemana, sai idonsa ya sauka a kan layi. Na ga lokacin da murmushin ya tafi. Ya kalli inda keji yake, ya kalli inda rumfa take, ya juya ya kalli bayansa kamar wanda aka kawo layin da ba nasu ba. Sannan ya kalle ni. Bai ce komai ba. Da ma ya zage ni.

Duk mutanen layi sun fito, kowa a ƙofar gidansa, cikin wankakkun kaya. Ciyaman ya sa babbar riga ya kawo wa alƙali kujera.

Alƙali ya ce a gwada. Ɗan sandan ya kai bas ƙofarmu, ya ja baya zuwa gaban gidan Ciyaman, ya karya kai, ya fita da goshi. Madubai a buɗe, ko kusa da bango ba su je ba. Aka ce ya sake. Ya sake, wannan karon da hannu ɗaya.

Lauya ya yi iya yinsa. Ya share yashi da takalminsa ya nuna sabon siminti. Ya nuna inda launin bangon shago ya bambanta. Ciyaman ya ce gyaran kwata aka yi, kuma an daɗe. Na ɗaga murya na ce ƙarya ne, aka ce matar wanda ake tuhuma ta yi shiru, za a ji nata a kotu. Alƙali ya juya ya dubi mutane, ya ce akwai wanda zai shaida cewa da wani gini a kan hanyar nan ranar da abin ya faru?

Kaza ce kawai ta yi motsi a layin.

Na kalli ƙofar Ƙawalliya. A buɗe take kaɗan, ina ganin gefen zaninta. Na ƙura mata ido har idona ya yi ruwa. Alƙali ya rufe littafinsa, ƙofar ma ta rufe.

Da za a mayar da shi mota ya tsaya dab da ni. Ya ce, "Ya yi kyau haka. Haka yake lokacin da muka tare."

Alhamis

Ban tashi ba.

Litinin, da yamma

An yanke hukunci. Ba zan rubuta adadin shekarun ba. Auta za ta gama firamare ba ya nan.

Yaya ya ce yanzu dai sai ki taho. Na ce gidansa ne, a nan zai same ni.

Asabar, da hantsi

Guduma kuma. Tela ya fasa simintin ramukan ɓerayensa, ya mayar da ƙafafun ƙarfe daidai inda suke. Na ga kamar ma ya ƙara taku ɗaya. Matar Ciyaman ta yi nasara, janareta ya koma waje, sabon kejin har da fenti. Yanzu ana amsa gaisuwata. Matar Mai Walda ta aiko sayen ƙanƙara, na ce ta ƙare, alhali firjin ko rufuwa ba ya yi.

Lahadi, bayan la'asar

Ciyaman ya yi sallama a ƙofata, shi da Mai Shago. Na fito. Suka jajanta mini sosai, Ciyaman har da dafa ƙirji. Ya ce duk layi yana tare da ni, in ina bukatar wani abu kada in ji nauyi. Ya ce Baban Auta mutumin kirki ne, kowa ya shaida.

Na ce yaushe kowa ya shaida?

Ya yi kamar bai ji ba. Ya juya ya nuna filin ƙofarmu da sandarsa, inda mai ya yi baƙi a ƙasa, inda tayoyi suka yi gurbi.

"Dama wata 'yar magana ce. Tunda yanzu babu motar da take kwana a nan, wuri yana zaune haka kawai. Shi wannan bawan Allah kayansa sun yi masa yawa, yana so ya ɗan yi wurin ajiya. Ƙarami, ba zai tare miki ƙofa ba."

Mai Shago ya ce, "Ɗan wannan ai ba zai hana komai ba, Maman Auta."

Na ce wurin da mai shi.

Ciyaman ya ce, "Ai hanya ce, 'yata, ba ta kowa ba ce. Kuma kafin ya dawo..." Bai ƙarasa ba. Ya gyara hula, ya ce in yi tunani, ba gaggawa.

Litinin, da sassafe

Ana sauke bulo.